Gilashin da Na Goge

Ni mace ce da ba ta iya ganin dauɗa a jikin gilashi ta wuce. Shekaru masu yawa na yi ina buga takardu a wata ma'aikatar gwamnati a Doka, cikin garin Kaduna, kuma duk wanda ya yi aiki da ni zai shaida cewa teburina ko ƙuda ne ya sauka sai santsi ya kwashe shi. Har tabarau na manyanmu nakan karɓa in goge idan na ga ya yi dusu-dusu, ba tare da kowa ya sa ni ba. Maigidana yakan ce ranar da na mutu sai na tashi na goge makarar kafin a ɗora ni. Ban taɓa ɗaukar wannan hali a matsayin aibu ba, sai da ya jawo mini abin da zan faɗa yanzu.

Katanga ɗaya ce ta raba gidanmu da na Malam a Badarawa. Mutumin kudancin Kaduna ne, Kirista, malamin kimiyyar sinadarai a wata sakandare ta wajen Unguwar Dosa har ya yi ritaya. A shekarun da 'yan'uwansa da yawa suka kwashe kaya suka haye gada zuwa kudancin gari saboda rikici, shi cewa ya yi ba inda za shi, a nan ya dasa gwaibarsa kuma a nan zai ci 'ya'yanta. Matarsa ta rasu autarsu tana aji biyu na sakandare, daga nan kitson yarinyar da sauran abin da uba ba ya iya yi wa 'ya mace suka dawo hannuna. Mama take ce mini, ni kuma Auta nake ce mata, kamar yadda kowa yake ce mata a layinmu.

Malam yana da wata ɗabi'a da aka san shi da ita. Ba ya sa wa ɗalibi alamar kuskure. Idan aiki bai yi masa ba, sai ya ɗauki jan biro ya rubuta kalma ɗaya a ƙasa: Sake. Da Hausa yake rubuta ta, a makarantar da ko dariya sai da Turanci, kuma shugabannin makarantar sun yi magana har sun gaji. Harafin ƙarshe yakan ja masa wutsiya doguwa har ta keta layi ta sauka ƙasa. 'Ya'yan mutane sukan samu alamar daidai daga hannunsa jefi-jefi, idan sun yi abin kirki. Nasa 'ya'yan kuwa ko sau ɗaya bai taɓa ba su ba.

Na taɓa tare shi a bakin famfo a kan wannan, ranar da Auta ta shigo mini tana kuka da littafi a hannu.

Na ce, "Malam, yarinyar nan ita ta zo ta ɗaya a ajinsu. Me kuma kake so ta yi, ta tashi sama?"

Ya ce, "Hajiya, ta san amsa, amma ba ta san dalilin amsar ba. Ko aku ma ana koya masa amsa."

Na ce masa Allah ya shirye shi, na koma gida na soya mata ƙwai.

Amma maganar gaskiya, mutumin ya iya koyarwa. Ban ga na biyunsa ba. Idan kayan gwaji sun ƙare a makaranta ba ya zama ya yi tagumi. Zoɓo yake jiƙawa ya zuba a kofi biyu, ya matsa lemon tsami a ɗaya, ya jefa kanwa a ɗaya, yara su ga launi ya rabu a gabansu. Ranar Asabar yaran layinmu a tsakar gidansa suke wuni, nawa da na kowa. Yana da wani tsohon madubin duba ƙananan abubuwa, irin na ɗakin gwaji, wanda makaranta ta yar shi kuma ya tsince ya gyara, a ciki yara suka fara ganin ƙafar sauro da abin da ke iyo a ruwan kwata. Yana kuma da wani gilashi mai ƙaton ciki da yake tara hasken rana da shi a kan takarda. Sai ka ga ɗigon haske ya tsaya wuri ɗaya, can hayaƙi ya tashi, rami ya fito, sauran takardar kuwa ko ɗumi ba ta yi ba. Sauran yara su yi ta tsalle. Auta ita kaɗai take durƙusawa ta kai yatsa dab da ramin tana taɓawa, tana son ta ji inda zafin ya tsaya. Dokarsa guda ce, kuma ya nanata ta har mu iyaye mun haddace: abin da ba ka gani da idonka ba, kada ka rubuta shi a littafi.

Auta ta gama jami'a a nan gida, ta samu gurbin ƙarin karatu a ƙasar waje, ta tafi. Duk Lahadi da yamma takan kira ubanta, in sun gama ta kira ni. Wata rana na gaji da amsa wa mutane da "tana can tana karatu," na ce ta faɗa mini da Hausa abin da take yi.

Ta yi dariya ta ce, "Mama, noma nake yi."

Ga yadda ta fahimtar da ni, kuma sai da ta maimaita sau uku. Ana samun ɗan gilashi a shafa masa ƙarfe siriri ƙwarai, sai a nutsa shi a cikin wani ruwa da aka narka gishirin tutiya a ciki. Tutiya ita ce ƙarfen nan da ake shafa wa kwanon rufi don kada ruwan sama ya cinye shi, kuma tsatsarta fara ce, ba ja ba. Idan aka ɗumama ruwan gaba ɗaya, wannan farar tsatsa takan tsiro a jikin gilashin a matsayin 'yan wayoyi tsaye, sun fi silin gashi siranta nesa ba kusa ba. Matsalar ita ce ko'ina suke fitowa, inda ake so da inda ba a so, kamar ciyawa a damina. Ita kuwa ba ta ɗumama ruwan. Hasken lesa take aunawa a kan gilashin, irin jan ɗigon nan da yara ke wasa da shi a bango, sai dai nata kore ne kuma yana da ƙarfi. Inda ɗigon ya tsaya nan kaɗai ke yin zafi, nan kaɗai wayoyin ke tsirowa. In sun fito ta matsa gaba ta sake tsayar da shi. Da haka za ta iya jera su yadda ta ga dama, layi ko da'ira ko tsakanin wasu wayoyi biyu da ake son a haɗa.

Na ce, "Wato dai gilashin babanki da takarda."

Ta ce, "Shi ne, Mama. Shi yana ƙonawa, ni ina shukawa."

Na tambaye ta amfaninsu, ta ce suna jin canjin iska da na haske, ana iya yin ɗan ƙaramin abu da su da zai sanar da mutum idan tukunyar gas tana yoyo. Wannan ya shige ni, domin ni da tukunyar gas har yau zaman doya da manja muke yi.

Tana turo wa ubanta hotunan abin a waya, waɗanda aka ɗauka da wata babbar na'ura. Ni da na gani cewa na yi ƙarangiya ce, domin haka suke, dunƙule da tsinaye ta ko'ina. Malam yakan duba ya jinjina kai, ya ce da kyau, amma hoto hoto ne, shi bai gani ba. Na san yana alfahari da ita, don har mai gyaran takalmi na bakin titi ya sha labarin tutiya. A gabanta ne kawai yake ƙin nunawa.

A cikin wannan hali idonsa ya fara tafiya. Hawan jinin ido ne, kuma an gano shi a makare. Likita ya gaya masa a fili cewa abin da ya tafi ba zai dawo ba, wanda ya rage ma magani jinkirta shi kawai zai yi. Daga gefe abin ya riƙa cinye masa gani. Sai in tsaya kusa da kafaɗarsa bai san ina nan ba, amma in ya juyo ya dube ni sosai zai gane har launin ɗankwalina. Ya ce mini kamar mai leƙe ta ramin makulli yake, kuma ramin kullum ƙara tsukewa yake yi. Ya hana a gaya wa Auta. Ni na gaya mata, kuma ban yi nadama ba.

Ta zo a tsakiyar damina, hutun mako biyu. Yayyenta suka taho da 'ya'yansu daga ko'ina, gidan Malam ya cika har ba wurin sa ƙafa, ana shirin zuwa coci ranar Lahadi a yi godiya. Ranar Asabar da safe ta shigo wurina da wani ɗan akwatin roba, bai kai gwangwanin man shafawa ba.

Ta ce, "Mama, ki ajiye mini wannan. Yara sun yi yawa a gidanmu. Gobe in mun dawo coci zan nuna wa Baba, ina so ya gani da idonsa. Wata uku na yi a kansa. Kada kowa ya taɓa."

Na ce ta kwantar da hankalinta, na sa shi a kabad ɗin gilashi, can bayan kofunan da ba a shan ruwa da su, na kulle.

To, ni a wurina "kowa" jikokina ne da mai aiki da baƙi. Ban taɓa lissafa kaina a cikin kowa a gidana ba. Bayan la'asar na zo goge kabad kamar yadda na saba duk Asabar, na kai kan akwatin, na ce bari dai in ga abin da ya hana yarinyar nan aure. Na buɗe. Ɗan gilashi ne mai duhu-duhu, faɗinsa kamar farcen babban yatsa sau biyu, an maƙale gefensa da wani ɗan ƙarfe. A tsakiyarsa akwai wani fari-fari, irin wanda sabulu ke bari a jikin kofi idan ba a ɗauraye shi da kyau ba. Raina ya ɓaci. Na ce ji yaran zamani, abin da za a miƙa wa uba a gaban jama'a, a kawo shi da datti. Na hura masa iskar bakina, na kama gefen zanina na murza. Sau biyu na murza, ya yi tas, har ina ganin fuskata a ciki. Na ji daɗi ƙwarai.

Sai na ɗaga shi wajen taga don in ga abin da ta ce ta yi wata uku a kai. Na juya shi dama, na juya shi hagu, babu komai. Na dubi gefen zanina, na ga ɗan fari kamar an taɓa alli. A nan maganarta ta dawo mini, cewa tsatsar tutiya fara ce. Na zauna a ƙasa da akwatin a cinyata.

Ba zan ɓoye ba, Shaiɗan ya zo mini da shawara mai kyan gani. Ya ce ki rufe ki mayar, tafiya ce mai nisa, jirgi ne da mota da ramukan hanya, wa zai ce ba a nan ya kaɗe ba? Na faɗa wa maigidana abin da ya faru. Bai yi mini dariya ba, abin da ya ƙara tsorata ni ke nan. Cewa kawai ya yi, "Ke kika san yarinyar, ke kika san uban." Tuwo bai shiga bakina ba ranar.

Washegari na jira har suka dawo daga coci, aka ci shinkafa, baƙi suka ragu. Na yafa mayafi na ɗauki akwatin na shiga. Malam yana zaune a gindin gwaiba, an riga an fito masa da tsohon madubinsa an ɗora a kan tebur, ya goge shi ya gyara, ya sa rigarsa ta zuwa coci bai cire ba. Auta ta taso da murna za ta karɓa. Na riƙe akwatin ban saki ba.

Na ce, "Auta, Malam, ku saurare ni. Jiya na buɗe abin nan. Na ga fari a kai na ɗauka datti ne, na goge shi da zanina. Ba yaro ba ne, ba hanya ba ce, ni ce."

Ta karɓa ta buɗe, ta karkata shi ga haske. Na shirya wa ihu, na shirya wa kuka, da ta zage ni ma da na ji sauƙi. Ta daɗe tana kallon gilashin, sannan ta ce, "Mama, laifina ne. Ban gaya miki yadda yake ba, kuma na san ki da gilashi." Har ta yi ƙoƙarin murmushi. Wannan magana ta fi mari zafi, kuma tun daga ranar nake ganin girman yarinyar nan fiye da na mutane da yawa da suka haife ta.

Malam ya juyo da kai wajenta. Ya ce, "Duka ta goge?"

Auta ta sake dubawa. Ta ce a ƙarƙashin ɗan ƙarfen da ya maƙale gefen, inda zanina bai kai ba, akwai saura kaɗan. Ba cikin zanen suke ba, ɗigon gwaji ne da takan fara yi a gefe don ta ga ko ƙarfin hasken ya yi daidai.

Ya ce, "Kawo."

Ta ɗora gilashin a madubin, ta kunna fitilar wayarta ta haska shi ta gefe, ta daidaita, ta ja masa kujera. Ya kafa idonsa na dama, wanda ya fi ɗayan gani. Ya daɗe yana murɗa abin daidaitawa, gaba kaɗan, baya kaɗan. Tsakar gidan ya yi tsit, har jikokin suka daina gudu.

Ya ce, "Na ga uku. Farare, a jere, kamar auduga a kan baƙin zani. Na tsakiya ya fi girma."

"Na bar hasken ya daɗe a kansa, Baba."

"Tsakaninsu kuma wayam, ba ko ɗaya."

"Wurin bai yi zafi ba."

"Ruwa ɗaya, gilashi ɗaya, amma sai inda kika ce." Ya faɗi haka a hankali, kamar da kansa yake magana. Ya ɗago, ido yana ruwa, ko na ciwo ne ko na wani abu ban sani ba. Na ce a raina yau dai yarinyar nan za ta ji abin da ta daɗe tana jira. Sai ya gyara zama, muryar aji ta dawo masa.

"To, abin da gefen zani ya share da murza biyu, yaya zai zauna a kicin ɗin Hajiya shekara da shekaru? Da me saiwarsu ta kama gilashin?"

Auta ta sunkuyar da kai ta ce wannan ita ce matsalar da ba su gama warwarewa ba.

Ya ce, "Sake."

Ni da na yi ɓarnar, ni na fi kowa jin haushi. Na ce, "Malam, ka ji tsoron Allah." Ya ce ai tsoron nasa yake ji. Auta kuwa dariya ta kama ta, dariya da hawaye tare, har ta dafa tebur. A lokacin ban gane abin da ya ba ta dariya ba. Na tambaye ta abin da ta zana a gilashin da na goge, ta ce in bari sai ta sake yi na gani.

Amma injin lesar yana can, ita tana nan, hutu kuma ya ƙare. Da ta koma sai da ta bi layi kafin a ba ta ɗakin gwajin, ga nata aikin na makaranta da ba ya jira. Ramin makullin Malam kuwa bai jira kowa ba. Na mayar da ɗiga masa magani aikina, safe da yamma, ina duba agogo kamar ni ce likitan. Ina karanta masa jarida, yana gyara mini yadda nake kiran sunayen sinadarai. Bai taɓa tayar da maganar gilashin ba, ko da wasa. Da ya riƙa yi mini gori da na fi samun sauƙi. Kafin wata daminar ta zagayo, wata safiya na shiga na tarar yana tambaya ko hadari ne ya haɗo, alhali rana tana tsakar gida fal. Na koma gida na rufe ƙofa na yi kuka mai isata. Abin da 'yarsa ta yi wata uku tana shirya wa idonsa, ni na hana shi gani, kuma babu gyara.

Auta ta dawo bayan ta kammala karatunta. Wannan karon ba a tara jama'a ba. Washegarin isowarta da hantsi ta leƙo ta katanga ta ce Baba yana kirana. Na tarar da shi a gindin gwaibar nan, madubin yana kan tebur, ga wani ɗan akwati irin na da. Na tsaya nesa, na harɗe hannuwana a baya.

Ya ji tsayuwata ya ce, "Hajiya, matso, ba cizo yake yi ba."

Ya fara da tambayarsa ta bara, kamar jiya aka yi ta. Auta ta ce ta canza shimfiɗin da ke ƙarƙashin wayoyin, yanzu saiwarsu ta fi kamawa, ana manna musu salatif a ɗaye ba su biyo shi ba. Amma ta ce ba za ta yi masa ƙarya ba, har yanzu ba za su iya da zanin Mama ba. Waɗanda za su yi aiki a cikin ɗan gida mai ƙananan huji ake sa su, iska ta shiga, hannu bai kai ba. Wannan na gida kuwa ta rufe shi da wani gilashin a sama ta liƙe. Ya yi mata tambaya uku ko huɗu da ban gane ba, ta amsa biyu, sauran ta ce ba ta sani ba tukuna. Ya gyaɗa kai.

Sannan ya juyo inda yake jin numfashina. "Ke kika goge, ke za ki karanta mini."

Na ce, "Malam, kai fa ka ce abin da mutum bai gani da idonsa ba kada ya rubuta."

Ya ce, "Matar da ta tako da ƙafarta ta ce ni ce, alhali ba wanda ya gan ta, idonta ya ishe ni."

Na zauna. Ban taɓa leƙa madubin nan ba duk shekarun da yake gidan, ina ganin abin yara ne. Auta ta haska ta gefe, ta nuna mini yadda zan rufe ido ɗaya. Da farko duhu kawai na gani da gashin idona. Can sai ga su, fararen ɗigo ɗaya bayan ɗaya, kowane da ɗan gashi-gashi a gefensa, an jera su sun yi lanƙwasa. Madubin ba ya ɗaukar zanen duka a lokaci guda, sai tana tura gilashin a hankali ina bi. Na yi shekaru ina karanta rubutun hannun manya iri-iri don in buga, wannan kuwa tun daga harafin farko na san mai shi. Ta ciro shi ne daga tsohon littafinta na aji uku, ta bi sawunsa ɗigo bayan ɗigo da haskenta.

Na ce, "Rubutunka ne, Malam."

"Me na ce?"

Na ce, "Ka ce, Sake."

Sai a lokacin na gane dariyar da ta yi bara, ashe abin da na goge shi ne ya faɗa mata da bakinsa. Shi ma ya gane, don kafaɗunsa sun fara rawa, ya yi dariya har da tari.

Da ya lafa ya ce, "Wutsiyar fa? Ta keta layi?"

Na sake leƙawa, Auta ta tura gilashin. Na bi ɗigon suna gangarowa, suna ƙara ƙanƙanta, har na ƙarshe da kyar ake ganinsa, daidai yadda biro ke yi idan ana ɗaga hannu.

Na ce, "Ta keta, ta sauka har ƙasa. Ko inda biron naka yake shaƙewa ta sa."

Ya laluba aljihun rigarsa. Duk makantar nan bai daina saƙala jan biro a wurin ba. Ya ciro shi, ya cire murfin da haƙori, ya ce a ba shi marfin akwatin. Akwai 'yar farar takarda manne a kai. Ya ce, "Hajiya, ɗora mini hannu a wurin."

Na kama hannunsa na ɗora bakin biron a kan takardar, na saki. Ya ja gajeren layi ƙasa, ya ja dogo sama. Ya ɗan karkace, kuma ƙarshensa ya fita daga takardar ya hau roba, amma alamar daidai ce, ba wanda zai ce ba ita ba ce.

Auta ta karɓi marfin da hannu biyu ta durƙusa a gabansa, ta kifa kanta a gwiwarsa. Ya ɗora tafinsa a kan kitson da na yi mata daren isowarta. Jan tawadar da ta hau robar ba ta bushe ba, tana ƙyalli, ta ɗan malala a gefe. Na gan ta sarai. Na mayar da hannuwana baya na riƙe ɗaya da ɗaya.